Kun Tambaya, Mun Amsa: Wai Da Gaske Ana Ɗura Man Ɓawon Lemu A Cikin Yis Don Kashe Tsutsar Sauro?

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta wuce mun kawo wani ɗan gajeren labari, bai fi layi takwas ba, cewa masu bincike sun samo dabarar ɗura man ƙamshi na tsirrai a cikin ƙwayoyin yis, irin wanda ake kwaɓa burodi da shi ɗin nan, sai a zuba a ruwa tsutsar sauro ta ci ta mutu. Tun daga ranar saƙonni suke shigowa, wasu na murna wasu na kokwanto wasu kuma har sun fara tara ɓawon lemu zasu gwada. Na tsince waɗanda suka fi maimaituwa, na gyara rubutun kaɗan don ya karantu, ga su.

Tambaya: Malam dan Allah ni abun bai shige ni ba. Tunda man ne yake kisan me zai sa a wahala sai an saka shi cikin yis, ba sai a tsiyaya shi a ruwan kawai ba? Kuma ta ina mai zai shiga cikin yis, allura ake masa ko yaya? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa wannan tambayar taki ita ce tushen maganar gabaɗaya shiyasa na fara da ita. Ki samu sabon ɓawon lemu ki lanƙwasa shi da yatsu biyu a gaban haske, zaki ga wani ɗan feshi ya tashi kamar hayaƙi, yatsunki suyi santsi, ƙamshi ya cika wajen. To wannan shine man da ake magana. Kusan kashi 90 cikin 100 ɗinsa sinadari ɗaya ne da ake kira limonen, kuma yana da ƙarfi, har ta kai in kika matsa shi a jikin balan-balan ɗin da aka hura sosai sai kiji ta fashe sabida yana narka roba. Amma ki bari a ɗan jima ki sake shinshina yatsun, zaki tarar ƙamshin ya gudu. Matsala ta farko kenan, wannan man baya zama, iska yake bi, kuma zafin rana da iskar kanta suna lalata abin da ya rage.

Matsala ta biyu shine basa ga maciji da ruwa. Abin da yake narkewa na limonen a lita ɗaya ta ruwa bai wuce wajen miligiram 14 ba, sauran duk taso wa yake yayi ido-ido a sama ko ya maƙale a jikin mazubin, ita kuma tsutsar tana can ƙasa tana kiwonta hankali kwance. In kina so ya isa gare ta sai kin zuba da yawa, in kuma kin zuba da yawa toh duk wata halitta da ke cikin ruwan ta shiga uku, ba tsutsar sauro kaɗai ba.

Anan ne yis ya shigo. Abin da muke gani kamar gari ko ƙananan tsakuwa a leda, in aka jiƙa shi aka duba a madubin hangen ƙananan halittu, miliyoyin ƙwayoyi ne masu siffar ƙwai, kowacce halitta ce mai zaman kanta, sunanta a kimiyyance Saccharomyces cerevisiae. Girman ɗaya tsakanin maikuromita 5 ne zuwa 10, wato sai kin jera wajen guda goma kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Kowacce tana da bango mai ƙwari a waje wanda aka gina da wani irin sukari mai tauri da ake kira beta-gulukan haɗe da furotin, bangon yana da ƙananan ƙofofi, daga ciki kuma akwai wata fata siririya mai maiƙo. Kinga kenan kafso ne Allah Ya riga Ya ƙera, ba sai an kafa masana'anta an yi shi ba.

Batun allura kuwa babu ita. Haɗa yis ɗin ake da ruwa da man a cikin kwalba a saka a inji yayi ta girgizawa a ɗumin da ya kai wajen digiri 40, kusan kwana guda cur. Ruwan yana sa bangon ya kumbura ƙofofinsa su buɗe, girgizar tana farfasa man ya zama ɗigo-ɗigo, shi kuma man tunda baya son ruwa kuma ga fata mai maiƙo a cikin ƙwayar sai yayi ta silalewa ta ƙofofin yana shiga wajen ɗan'uwansa maiƙo, a hankali har ya taru a ciki. Bayan nan a tace, a wanke man da ya maƙale a waje, a busar. Da ya bushe ƙofofin sun tsuke, man ya zauna a kulle, sai garin ya sake haɗuwa da ruwa ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, ko kuma wani abu ya cinye shi ya narka bangon. Kuma dabarar ba sabuwa bace, tun shekarun 1970 ake rajistar mallakar fasahar ɗura abubuwa a cikin yis, masu harkar ɗanɗano da ƙamshin abinci sun daɗe da ita. Abin da ya zo sabo shine juya ta kan sauro.

Tambaya: To ita tsutsar me zai kai ta cin abin da zai kashe ta? Kuma su waye suka yi binciken, ko dai irin labaran nan ne na intanet? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam ba labarin ƙanzon kurege bane. Masu bincike ne na Jami'ar New Mexico a Amurka tare da takwarorinsu na cibiyar Fiocruz da ke Rio de Janeiro a Birazil, suka wallafa sakamakon a mujallar kimiyya ta Parasites & Vectors a shekarar 2020. Kuma ba banza Birazil ta shiga ciki ba, ƙasar ce tafi kowacce samar da ruwan lemu a duniya don haka man ɓawon yana nan jibge a matsayin rarar masana'antu, sannan zazzaɓin denge ya addabe su, a 2024 kaɗai sun ƙirga mutum sama da miliyan 6 da ake zaton sun kamu.

Batun me zai kai ta ci, wannan shine wajen da yafi burge ni a duk al'amarin. In ka taɓa ɗebo ruwan da ya kwana biyu a tsohuwar taya ka zuba a kofin gilas ka ƙura ido zaka ga tsutsotsin nan suna wutsil-wutsil, su taso su rataye kai ƙasa jela sama suna shaƙar iska ta wani ɗan bututu, da inuwarka ta gifta su nutse gaba ɗaya. In ka ƙara matsawa zaka lura bakinsu baya hutawa, akwai wasu gasusuwa kamar buroshi guda biyu da suke kaɗawa ba dare ba rana suna jawo ruwa, duk wani ɗan ƙanƙanin abu da ya biyo, bakteriya ne, gansakuka ce, ruɓaɓɓen ganye ne, haɗiye shi suke. Yis kuwa yana cikin abincin da suka fi so, har masu kiwon sauro a ɗakunan gwaje-gwaje da shi suke ciyar da su. Toh kaga ba a ce mata zo ki sha guba ba, abincinta aka kawo mata, girmansa daidai bakinta, ita da kanta take bi tana tsincewa. Kwaɗayi mabuɗin wahala kenan. Masu binciken sun sa wa man wani rini mai ƙyalli don su bi sawunsa, sai gashi ana hango shi a madubi ya cika hanjin tsutsar.

Da ya isa hanji sai ruwan narka abinci ya fasa bangon yis ɗin, man ya fito kai tsaye a kan fatar hanjin, wajen da babu wata kariya. Binciken da ya biyo baya ya nuna ƙwayoyin halittar bangon hanjin ne suke lalacewa su mutu. Wato maimakon a watsa maganin a duk faɗin ruwan ana fatan ya taɓa ta, an tattara shi a cikinta.

Ga alƙaluma tunda nasan malamai da son lissafi. Garin da suka samu kusan kashi 30 zuwa 35 cikin 100 na nauyinsa man lemu ne. A kan sauron Aedes aegypti, mai yaɗa denge da shawara da zika da cikungunya, adadin da ya kashe rabin tsutsotsin ya kama daga wajen miligiram 5 zuwa 28 a kowace lita, wanda ya kashe kashi 90 kuma daga wajen 19 zuwa 77, bambancin ya danganta da girman tsutsar. Tsutsar sauro tana saɓa sau huɗu kafin ta gama girma, ƙanana sun fi saurin mutuwa, manya sai an ƙara hannu. Amma ka riƙe wannan, bayan saɓar ƙarshe tana komawa wata 'yar dunƙulalliya mai kama da waƙafi, a wannan matakin bata cin komai sam sai jiran fiffike, don haka wannan maganin bashi da hanyar shiga cikinta. Haka ƙwai, haka babban sauro mai tashi. Wanda ya ci ne kawai yake mutuwa.

Tambaya: Ina da yis a kicin kuma lemu baya yanke mana. Ki bani ko ka bani yadda zan haɗa a gida in huta da sauro. Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya na fahimci gajiyarki da sauro wallahi, amma bazan baki wannan haɗin ba, kuma zan faɗa miki dalili dalla-dalla don kar ki ɗauka rowa ce.

Na farko ɓawon lemu daban man ɓawon lemu daban. Man da ke cikin ɓawo ɗan kaɗan ne, masana'antu da injin matsa ko na turiri suke fitar da shi daga tarin ɓawo mai yawan gaske. In kika niƙa ɓawo kika kwaɓa da yis abin da kika haɗa shine sukari da ruwa da yis mai rai, zai kumbura yayi tsami, in kika zuba shi a ruwan da tsutsa take toh kin kai mata gara ne, ƙiba zata yi ta fito da ƙarfinta. Wannan shine abin da nafi jin tsoro, mutum ya tashi kashe sauro ya ɓige da kiwonsa. Ko da man gaske kika samu, in bai shiga cikin ƙwayoyin yadda ya kamata ba sakamakon ɗaya ne, yis ɗin da babu mai a cikinsa abinci ne zalla.

Na biyu wankin nan da na ambata a sama ba ado bane. In man ya rage a jikin ƙwayoyin ta waje an koma gidan jiya, zai taso saman ruwa ya taɓa halittun da ba ruwansu, kuma amfanin ɓoye shi ya tafi. A ɗakin gwaji da injin juyi mai tsananin gudu ake raba ƙwayoyin da ragowar man, a wanke, sannan a busar ta hanyar daskarewa a cikin injin da ke zuƙe iska, daga baya a fasa wani sashe a auna nawa ne ainihin man da ya shiga. Ba tare da awon nan ba bakya iya sanin cokali nawa zaki zuba.

Na uku shi man kansa ba abin wasa bane a kicin, yana kama wuta a zafin da bai kai digiri 50 ba in ya samu tartsatsi, yana ƙona ido, kuma wanda ya daɗe a buɗe iska ta canza shi yana sa wasu mutanen ƙaiƙayi da ƙuraje a fata.

Abin da zai miki aiki yau ɗin nan kuma ba sai kin haɗa komai ba: ki zagaya gidan sau ɗaya a sati ki kifar da duk abin da ke tara ruwa, gwangwani, murfin kwalba, faranti na ƙarƙashin tukunyar fulawa, tsohuwar taya. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi a lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 ne, in kina zubarwa duk sati kin yanke musu hanya. Mazubin da ba a iya zubarwa a rufe shi ruf. Kuma in zaki wanke ki goge jikinsa da buroshi sosai, sabida sauron Aedes ba a kan ruwa yake ƙwai ba, a jikin mazubin yake mannawa dab da bakin ruwa, ƙwan yana iya bushewa yayi watanni yana jira, ranar da ruwa ya sake taɓa shi ya ƙyanƙyashe.

Tambaya: Tunda daga lemu da yis aka yi, duk abinci ne, ai ba zai cutar da kowa ba ko? Ina da tafkin kifi ina kuma kiwon zuma, sannan ina so in sa a tankin ruwan sha. Daga wani mai kiwo.

Amsa: Ɗan'uwa anan sai mun yi a hankali, domin wannan tunanin na cewa duk abin da ya fito daga tsiro lafiyayye ne ya jefa mutane da yawa cikin asara. Ita shukar ma ai don yaƙi take yin man, don ta kori masu cin ta. Abincin wani gubar wani. Limonen zallansa an sanya shi a jerin sinadarai masu tsananin guba ga halittun ruwa, kifi da ƙananan halittun da kifi ke ci. Kyanwa ma bata jure shi, hantarta bata iya sarrafa irin waɗannan mayukan kamar tamu, an sha samun kyanwowi da suka galabaita bayan an musu wanka da maganin ƙuma mai man lemu da yawa.

Abin da kafson yis yake yi shine rage wannan haɗarin, tunda man a kulle yake kuma adadin kaɗan ne, halittar da bata ci ba bata cika haɗuwa da shi ba. Amma ka tuna ba tsutsar sauro ce kaɗai take tace ruwa tana cin yis ba, akwai ƙananan halittun ruwa masu irin wannan ci kuma su ne abincin 'ya'yan kifi. Don haka inda wannan dabarar tafi dacewa shine irin ruwan da sauro ne kaɗai ke amfana da shi, tayoyi, durom, kwatar da ta toshe, ramukan gini. Tafkin kifi kam ka bar shi, kifin ma da kansu suna cinye tsutsar, sun fi kowane magani.

Zumarka kuwa, garin da ke nutse a ruwa ba kamar feshi bane da ke sauka a kan furanni, ta wannan fuskar yafi sauƙi a kansu, sai dai zuma tana shan ruwa musamman da zafi don haka ka ajiye musu nasu mai tsabta kusa da amya kana canzawa. Abin sha'awa ma masu kiwon zuma a Turai da Amurka suna amfani da wani man ƙamshin, taimol, a cikin amya don kashe ƙwaron baroa da ke tsotsar jikin ƙudan zuman, amma da awo, in aka zarce zuman da kansu suke shan wahala. Kaga dai maganar awo ce.

Ruwan sha kuwa a'a, kar ka saka. Akwai magungunan tsutsar sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba ta amince a sa a ruwan sha bisa ƙayyadadden adadi, kamar temefos da bai wuce miligiram 1 a lita ba, da Bti wanda bakteriya ce da aka gano a 1976 a hamadar Negev, da piriproksifen. Duk abin da bai bi ta irin wannan tantancewar ba bashi da hurumi a tankin da iyali ke sha. Murfi mai kyau da raga a bakin bututu sun wadatar.

Tambaya: Mu manoma fa, zai yi mana maganin ƙwarin gona da na rumbu? Kuma za a iya ɗura man darbejiya a ciki? Daga wani manomi.

Amsa: Baba sannu da aiki. A gaskiya ma ta ɓangaren noma abun ya riga ya shiga kasuwa kafin na sauro. Akwai wani kamfani a Ingila, Eden Research, da yake amfani da ƙwanson yis wanda aka kwashe cikinsa ya zama fanko, fasahar da aka haɓaka tare da masu bincike na Jami'ar Massachusetts, suna ɗura masa sinadaran ƙamshi na tsirrai. Suna da Mevalone mai ɗauke da guda uku, yujinol wanda shine ƙamshin kanumfari, da jeraniyol, da taimol, ana fesa shi a kan inabi don maganin ruɓewar da wani fangas, wato dangin fumfuna, mai suna Botrytis ke jawowa. Suna kuma da Cedroz, na jeraniyol da taimol, wanda ake sawa a ƙasa don ƙananan tsutsotsin nan da ido baya gani masu sa saiwar tumatir da kokwamba tayi ƙulu-ƙulu.

Yadda yake aiki a gona ya ɗan bambanta da na ruwa, ba sai an ci ba. Ƙwanson yana manne a ganye, in ya bushe ya kulle, in raɓa ta sauka ko aka yi yayyafi ya ɗan buɗe ya saki man, ya sake bushewa ya kulle, haka har ya ƙare. Kuma lokacin danshin nan shine dai lokacin da fangas ke tashi, kaga maganin yana fitowa a daidai sa'ar da ake buƙatarsa. Sannan yana rage ƙona ganye, domin man ƙamshi zallansa in aka fesa shi da ƙarfi babbaka ganye yake. Wani alherin kuma, yawancin kafson da kamfanonin maganin gona suka saba yi da roba ne, yana ƙarewa a ƙasa a matsayin ɓurɓushin roba da baya ruɓewa, har Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita irinsa a 2023, shi kuwa ƙwanson yis ruɓewa yake ya zama taki.

Rumbu kam akwai cikas, tunda sirrin abun danshi ne ke buɗe shi, hatsi kuma a bushe ake so ya zauna, inda ya jiƙe har yis ya buɗe toh hatsin ma ya fara lalacewa. Ƙwari masu tsotsar ruwan ganye su ma bakinsu kamar allura yake, basa haɗiyar gari, sai dai man ya same su ta jiki.

Man darbejiya kuma wani dangi ne daban, shi matse shi ake daga ƙwallo, mai ne mai nauyi kamar sauran mayukan iri, baya tashi a iska kamar na lemu. Sinadarin da ke aiki a cikinsa, azadiraktin, ya ninka limonen nauyi fiye da sau biyar, ita kuma wannan hanyar ta jiƙawa da girgizawa ƙananan sinadarai masu gudun ruwa tafi karɓa, irin na lemu, na'a-na'a, kanumfari da kirfa. Darbejiya tana da nata amfanin babba a gona amma ta tata hanyar.

Tambaya: Yis ɗin ba zai hayayyafa a ruwa ya sa shi tsami ba? Kuma ance irin wanda aka jirkita wa halitta ne, haka ne? Ba suna.

Amsa: A'a ga duka biyun. Kafin a gama aikin yis ɗin ya mutu, man da ya cika cikinsa ma kaɗai ya isa ya kashe shi, ƙwanso ne kawai ya rage, matacce kuwa baya haihuwa baya sa tsami. Kuma yis ɗin burodi ne na yau da kullum ba a taɓa ƙwayar gadonsa ba. Ina ga inda aka samu ruɗanin shine akwai wani bincike daban a Jami'ar Indiana ta Amurka, su ne suke sauya halittar yis don ya samar da wani saƙo da ke kashe wasu ƙwayoyin gado na sauro in tsutsar ta ci, shima kashe yis ɗin ake da zafi kafin a yi amfani da shi. Dukansu da yis suke yaudarar tsutsa amma kayan cikin ba ɗaya bane.

Tambaya: Kowane magani aka kawo bayan 'yan shekaru sai ace sauro ya saba da shi. Wannan ma ba haka zai ƙare ba? Kuma sauron maleriya fa? Daga wani ma'aikacin lafiya.

Amsa: Yallaɓai kai ka san zafin wannan fiye da ni. Temefos ɗin da na ambata shekara da shekaru Birazil tana zuba shi a mazuban ruwa har ya daina cin sauron a yankuna da dama dole aka canza. Dalilin saurin sabawar shine irin waɗannan magungunan waje ɗaya tak suke bugu a jijiyar ƙwaron, in aka samu 'yan tsirarun da halittarsu ta ɗan kauce a wannan wajen su ne zasu rayu su cika duniya da jikokinsu. Man ƙamshi kuwa gauraye ne na sinadarai kuma ɓarnarsa ba a waje ɗaya take ba, yana taɓa fatar ƙwayoyin halitta yana taɓa jijiya, don haka kauce masa yafi wuya. A 2021 masu binciken sun gwada garin a kan sauron da aka ɗebo daga sassa daban-daban na Birazil, har da waɗanda magungunan da aka saba suka daina ci, kuma ya kashe su. Wannan labari ne mai daɗi sosai. Amma ƙwari suna da nasu sinadaran masu aiki irin na hanta da suke warware gubar tsirrai da su tun fil azal, in aka dogara da abu ɗaya shekara goma ana zuba shi ba canji za a iya wayar gari ya rage kaifi, shiyasa ni a ganina gurbinsa shine a riƙa karɓa-karɓa da shi da Bti da sauransu.

Sauron maleriya, Anopheles, lissafinsa daban. Tsutsarsa bata rataye kai ƙasa, kwanciya take a miƙe a ƙarƙashin fatar ruwan tana cin abin da ke yawo a sama, garin yis kuma in aka bar shi nutsewa yake a hankali, wanda hakan ya dace da Aedes mai kiwo a ƙasa da jikin mazubi amma ga Anopheles sai an sarrafa garin yadda zai daɗe a sama. Sannan shi a kududdufai yake haihuwa, sawun kofato, gonakin shinkafa, wurare barkatai masu bayyana bayan ruwan sama su ɓace, shiyasa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa maganin tsutsa ƙari ne a kan gidan sauro mai magani da feshin ɗaki, kuma a inda wuraren haihuwar kaɗan ne, a tsaye suke, ana iya gano su. Cutar da ta kashe mutum wajen 597,000 a 2023 ba a sakin gidan sauro saboda ita don an ji labarin sabon gari. Inda nake sa rai sosai shine Anopheles stephensi, wanda asalinsa na kudancin Asiya da yankin Larabawa ne aka fara ganinsa a Jibuti a 2012 yake ta bazuwa a Afirka, domin shi ɗabi'arsa irin ta Aedes ce, a tankuna da durom na cikin birni yake haihuwa, wato irin ruwan da mutum zai iya zuwa ya tsaya a kansa ya auna lita nawa ne ya zuba abin da ya dace.

Masu tambaya kan man na'a-na'a da kyankyasai, da wadda ta turo hoton ƙwarin da suka cinye mata littattafai, naku yana fitowa ta gaba in sha Allah.